Tauraro da Shirwa

Shafi na 23

Saƙonninku sun iso, har da na Hajiyar nan da ta rantse in ban sasanta Balarabe da Sabo ba, za ta daina karantawa. Ki yi haƙuri, Hajiya, ba ni na haɗa su faɗa ba. Yau za ki ga wanda ya haɗa su.

Sababbin zuwa kuma, ga inda muke. Tudun Wada ce, farkon damunar 1957, jiragen alhazai na dab da fara tashi daga Kano. Balarabe ejan ne na kamfanin Tauraron Gabas, shi ke nemo musu maniyyata daga Bebeji har Doguwa. Ƙanensa Sabo, uwa ɗaya uba ɗaya, bana ya kama aiki da wani sabon kamfani mai suna Shirwa, ya zo ya kafa rumfa tana kallon ta wansa. Tun daga ranar ba su sake cin tuwo a ƙwarya ɗaya ba.

*

Maroƙin da Sabo ya ɗauko ya tsaya daidai bakin rumfar Balarabe, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya saki murya.

"Jama'a ku saurara! Kamfanin Shirwa na gaishe ku! Ya ce ya sake rage kuɗin kujera! Mota kyauta daga nan har filin jirgin Kano! Harami kyauta! Wanda ya riga ya ba wani kamfani sunansa, ya zo a canza masa, ba ruwansa da wahala!"

Ran kasuwa ce, kuma an kwana ana ruwa, ko'ina caɓi. Amma caɓin bai hana mutane tsayawa su ji ba.

Wasu dattawa biyu daga Doguwa na zaune gaban Balarabe, tun ɗazu yake musu bayanin allurar da za a yi musu a Kano. Suka kalli juna. Babban ya gyara murya.

"Malam Balarabe, bari mu ɗan zaga mu dawo."

"To, a dawo lafiya."

Yana kallo suka tsallake kwatar, ba su ko waiwaya ba, suka shige rumfar Sabo.

Balarabe ya miƙe. Ya zura takalmi. Bai san lokacin da ya tsallaka hanyar ba.

"Sabo."

Sabo ya ɗago. Sabuwar hula ce a kansa, ga agogo a hannu yana ta juya shi don a gani.

"Na'am, Yaya. Sannu da kasuwa."

"Ka janye maroƙinka daga bakin rumfata."

"Kasuwa ai ta kowa ce, Yaya."

"An ce jiya ka je Burumburum."

"Na je. Na gaida Malam Jibrin. Gaisuwa ma ta zama laifi?"

Nan ne inda abin ke yi wa Balarabe ciwo. Malam Jibrin na Burumburum ba maniyyaci ɗaya ba ne. Duk inda dattijon nan ya sa ƙafa, nan ɗalibansa magidanta ke sawa, nan Fulanin rugagen kewaye ke sawa, har mutanen Doguwa suna jira su ji wane jirgi Malam zai hau. Tun watan azumi ya yi wa Balarabe alkawari, albarkacin mahaifinsu marigayi da ya yi karatu a zaurensa. In Malam ya koma Shirwa, Balarabe ya san sai dai ya naɗe tabarmarsa.

"Me ka gaya masa?"

"Abin da kowa ya sani."

"Wanne ke nan?"

Sabo ya ɗaga murya yadda dattawan Doguwa za su ji.

"Cewa jirgin Tauraro tsoho ne. Cewa bara sai da ya sauka a hanya aka kwana ana ɗaure masa fiffike."

"Ƙarya kake yi!"

"Ni dai abin da na ji."

"Ka rantse ka ji!"

"Yaya, ka bar yi mini tsawa a gaban baƙina. Ba a gida muke ba."

Balarabe ya cakumi wuyan rigarsa. Hular ta faɗi cikin taɓo. Masu tallar goro suka ja baya, mahauta suka bar rumfa suka matso kallo.

"Sake shi."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma hannun Balarabe ya saki da kansa.

Inna Tasalla ce, mahaifiyarsu, da ƙwaryar daddawa a kanta. Ba ta kalli Balarabe ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba, don ɗan fari ne. Ita ma bana ta yi niyya. Shanunta biyu ta sayar, fasfonta yana can Kano a ofishin Tauraro.

"Ni zan tafi ɗakin Allah, ku kuna nan kuna shaƙe juna a kasuwa. In na je can me zan ce? In ce Allah ga 'ya'yana, ka raba musu jirgi?"

"Inna, shi ne ya..." Balarabe ya fara.

"Ban tambaye ka ba. Kai kuma ɗauki hularka, ka bar abin da kake yi. Ni na haife ka, na san bakinka in yana faɗin abin da ba nasa ba."

Sabo ya sunkuya ya ɗauki hular.

Kafin wani ya sake magana sai aka ji ƙahon mota. Baƙar mota ce, taɓo har rabin ƙofa, tana ratsa kasuwar a hankali mutane na darewa. Duk Tudun Wada ba wanda bai san ta ba. Motar Alhaji Maikano ce, attajirin Fagge, mai kamfanin Tauraron Gabas. Ta wuce ta tsaya ƙofar gidan da ya saba sauka, kusa da masallaci.

Ba a jima ba direbansa ya dawo a ƙafa.

"Malam Balarabe, Alhaji na kira."

Balarabe ya ji sanyi a ransa. Ya juya ya kalli ƙanensa.

"Maigidana ya zo. Yau za mu ga ƙarshen rashin kunyarka."

Sabo bai ɗago ba. Yana ta goge taɓon hularsa da gefen riga.

*

Alhaji Maikano ɗan ƙaramin mutum ne, mai sanyin murya. Balarabe ya same shi a zaure na biyu, zaune kan darduma, mai masaukinsa ya aiko masa da fura yana sha a hankali da ludayi.

"Allah ya ƙara wa Alhaji arziki. An zo lafiya?"

"Lafiya, sai hanya. Zauna, Balarabe. Yaya kasuwa?"

"Ranka ya daɗe, kasuwa ta ɓaci. Shirwa ta gama da mu. Kiru duk sun koma can. Bebeji rabi. Yau a gabana mutanen Doguwa suka tashi. In ba mu rage ba, ko mu ma mu ba da mota kyauta, wallahi Malam Jibrin ma zai tafi."

"Ba za mu rage ba."

"To ko haramin..."

"Ba za mu ba da komai ba."

"Alhaji, ni da ƙanena yau har na kama wuyansa a gaban mahaifiyarmu. Saboda kamfanin nan."

"Na hango ta tagar mota tun daga bakin kasuwa." Alhaji ya ajiye ludayin. "Ka kyauta."

Balarabe ya ɗauka bai ji daidai ba.

Alhaji ya ɗaga murya kaɗan ya kira direba. "Je ka ce da ɗayan ma ya zo. Ya biyo ta ƙofar baya."

"Wane ɗayan, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya sake ɗaukar ludayin. Ya ci gaba da shan furarsa.

Jim kaɗan aka yi sallama daga cikin gida. Sabo ya shigo. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da ba a yi wa baƙo.

"Allah ya taimaki maigida."

Balarabe ya kalli Sabo. Ya kalli Alhaji. Ya sake kallon Sabo.

"Maigida? Maigidan wa?"

"Nasa," in ji Alhaji. "Da naka. Shirwa tawa ce, Balarabe. Ni na raɗa mata suna."

Balarabe ya girgiza kai.

"Ban gane ba."

"Za ka gane. Ka tuna mutanen Zariya, masu kamfanin Farin Wata, da suka zo bara suna neman shago a Bebeji?"

"Na tuna."

"Sun fi ni ƙarfi. Da sun shigo, da sun kwashe ƙasar nan tun daga Bebeji har Doguwa sun haɗa da tasu. Hanya ɗaya ce ta hana su, a karya farashi har su ga ba riba. Amma in na karya da sunan Tauraro, gobe manyan Kano ma za su ce a karya musu. Sai na buɗe wani suna. Farin Wata suka leƙo, suka ga kamfani biyu na yanka juna a nan, suka koma inda suka fito. Masu manyan motocin nan kuma da ke bi da alhazai ta Maiduguri da Sudan, mutum nawa ka ga ya shiga motarsu bana?"

Balarabe bai ko kalli Alhaji ba. Ƙanensa yake kallo.

"Ka sani?"

"Yaya..."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Da ka ce jirginmu tsoho ne, ka san jirginka ne?"

"Alhaji ne ya ce in faɗa."

"Da na daina shiga gidanka, da matarka ta zo ta durƙusa tana kuka in yi haƙuri, ka sani?"

Sabo ya sunkuyar da kai.

Balarabe ya juya ga Alhaji. "Me ya sa ni ba a gaya mini ba? Shekara nawa ina maka aiki?"

"Saboda fuskarka ba ta iya ɓoye abu. Da ka sani, da faɗan bai yi kama da faɗa ba. Shi ya sa ma na ɗauki ƙanenka. In wa da ƙane suna rigima a kasuwa, ba mai cewa shiri ne."

Ya faɗi haka ne kamar mai bayanin yadda ake auna gyaɗa.

Balarabe ya yunƙura zai tashi.

"Zauna. Ban zo nan cikin taɓon nan don in ba ka labari ba. Akwai matsala."

Ya zauna.

"Jirgi ɗaya gare ni, na shata, daga hannun wasu Turawa. Da mun yi da su zai yi ta sawu har ya kwashe kowa. Yanzu sun sami wani aiki mai tsoka a wani wuri, sun rage mini sawu. Abin da ya saura ba zai ɗauki rabin mutanen da ke hannunmu ba."

Wannan karon Sabo ne ya ɗago da sauri.

"Alhaji, ba ka gaya mini wannan ba."

"Ga shi ina gaya maka."

"To a nemo wani jirgin mana."

"A wannan watan? Duk mai jirgi ya riga ya ba da nasa. Wanda ya rage, kuɗin da zai nema ya fi abin da mutanenka suka biya, tunda kai ka yi ta rage musu." Ya ɗan murmusa. "Attajiran Fagge da iyalan hakimai ba zan bar su a ƙasa ba. Su ne kamfanin. Su za su tafi."

"Mutanen ƙauye fa?" Balarabe ya tambaya.

"Duk za su koma ƙarƙashin Shirwa. A ɗauke su a mota kyauta kamar yadda aka yi alkawari, a kai su masauki a Kano, a ba su abinci. A ce gobe, a ce jibi. Ran da aka rufe karɓar alhazai a Jidda, sai a ce jirgin Shirwa ya lalace, kamfanin ya karye. Sai Tauraro ya fito ya ce, bayin Allah ku yi haƙuri, mu mun ɗauki nauyinku, baɗi ku ne sawun farko. Ba wanda ya yi asarar komai. Shirwa ta mutu da laifinta, Tauraro ya fita da suna mai kyau, kuma baɗi mutanen nan duk namu ne, ba Farin Wata ba kowa."

Sabo ya matso kusa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Alhaji... fuskata suka sani. Ni ne Shirwa a Kiru. Ni ne Shirwa a Bebeji. Gidana za su zo."

"Ba za su same ka ba. Kana cikin sawun farko. Ina bukatar mai tarbar alhazai a Jidda. Ka yi 'yan shekaru can, ka dawo da sunan Alhaji, an manta."

"Iyalina fa?"

"Ba mai taɓa mace da yara."

"In na ce ba zan tafi ba?"

"Sai ka zauna. Amma ka tuna, duk inda aka rubuta Shirwa, sunanka ne a ƙasa, ba nawa ba. In magana ta je gaban alƙali, kai za a kira."

Balarabe ya kalli ƙanensa. Haushin da ya kwana da shi wata da watanni ya neme shi ya rasa. Yaron da ya goya zuwa gona ne durƙushe a nan, an yi masa sabuwar hula da agogo, ashe kiwata shi ake yi.

"Saura kai, Balarabe," in ji Alhaji. "Malam Jibrin har yanzu yana hannunka. Shi da jama'arsa sun yi mini yawa. In ya tambaye ka, ka ce Tauraro ya cika, ya bi Sabo. Daga bakinka zai yarda."

"Alhaji, Malam ya tsufa. Da ƙyar yake hawa jaki. Wa ya ba shi tabbacin baɗi?"

"Wa ya ba ni? Wa ya ba ka?"

"Mutanen nan gonaki suka jinginar. Wasu sun yi sallama da iyali, sun raba wasiyya."

"Za su dawo su tarar da iyalin lafiya." Alhaji ya tura ƙwaryar furar gefe. "Ka saurare ni. Mahaifiyarku na cikin sawun farko, kujerar gaba, kusa da matata. Kai kuma daga bana babu wani ejan tsakanin Bebeji da Doguwa sai kai da wanda ka ɗauka. In kuma ka ga ba za ka iya ba, ba dole. Sai dai fasfon tsohuwa yana ofishina, kuma takardu suna ɓacewa a ofis."

Kafin Balarabe ya sami abin cewa, hayaniya ta taso daga waje. Direba ya leƙo.

"Alhaji, Malam Jibrin ne na Burumburum da jama'arsa. Sun ji ka zo."

Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Madalla. Ya rage mana tafiya. Ku fita ta inda kowa ya shigo."

*

Ƙofar gidan ta cika. Magidanta da sandunansu, Fulani da malafunansu, mata can gefe jikin katangar masallaci. Balarabe ya hango Inna Tasalla cikinsu, ta sauke ƙwaryarta tana kallo.

An sauko da Malam Jibrin daga kan jakinsa, an shimfiɗa masa buzu a dakalin ƙofa. Dogon tsoho ne, ya rame, gemunsa fari fat, idonsa ɗaya ya fara yana. Alhaji ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, har da neman addu'a. Sabo ya zagayo ta lungu ya tsaya cikin taro kamar yanzu ya zo.

Bayan gaisuwa, Malam ya juya.

"Balarabe, matso."

"Allah gafarta Malam."

"Ƙanenka ya zo mini jiya da magana. Ya ce jirginku ba shi da lafiya, nasu sabo ne. Ni ban san jirgi ba. Ban taɓa ganinsa ba sai a sama. Amma na san ubanku, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Mutanen nan duk ni suka biyo. In na kai su ga halaka, ni za a tambaya." Ya ɗan numfasa. "Ka gaya mini, wanne zan hau?"

Balarabe ya ji idon Alhaji a ƙeyarsa.

Maganar ba ta da tsawo. Tauraro ya cika, a bi Sabo. Ya jera ta a bakinsa. Ya kalli wajen mata. Inna ta sa hannu ta kare ido daga rana tana jiran ta ji abin da ɗanta zai ce. Tun yana yaro yake jin tana cewa ko sau ɗaya ne ta ga Ka'aba kafin ta mutu.

"Muna jinka," in ji Malam.

"Allah gafarta Malam..." Ya juyo ga tsohon. "Jirgi ɗaya ne."

"Na'am?"

"Babu jirgin Shirwa. Tauraro da Shirwa duk na Alhaji Maikano ne. Jirgin ɗaya ne, kuma ba zai ɗauke mu duka ba. So ake a kai ku Kano a ajiye ku har lokaci ya wuce, a ce sai baɗi. Yanzu aka gaya mini, a cikin zauren nan. An ce in ce muku ku bi Sabo."

Salati ya tashi ta ko'ina. Wani ya buga sanda a ƙasa.

Alhaji Maikano bai ko motsa ba. Ya bari hayaniyar ta ɗan lafa, sannan ya girgiza kai kamar mai tausayi.

"Ban so a yi wannan a gaban jama'a ba, Malam. Na zo ne in sallami yaron nan. Ya kasa aiki, ƙanensa ya kwashe masa mutane, baƙin ciki ya taɓa shi. Kun gani da idonku ɗazu a kasuwa, har shaƙe ɗan'uwansa ya yi. Yanzu da na ce ya ajiye mini aikina, shi ne yake so ya rusa mu gaba ɗaya, ni da Shirwa. Ni ina ruwana da Shirwa? Su ne ma suka hana ni barci bana."

Kawuna suka fara juyawa wajen Balarabe.

"Gaskiya mun ga ya shaƙe shi," wani ya ce daga baya.

"Hassada ce!"

"Ɗan'uwanka fa!"

Malam ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ina Sabo?"

Aka turo shi gaba. Ya durƙusa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

"Kai ne mai Shirwa a nan. Abin da wanka ya faɗa, haka ne?"

Balarabe ya zuba masa ido. Sabo ya saci kallon Alhaji.

"Allah gafarta Malam... ni... ni ban san wannan magana ba."

"Kamfaninku yana da jirginsa?"

"Yana... yana da shi."

Balarabe ya runtse ido. Ya ji wani ya riƙe masa hannun riga ta baya, wani na cewa a kira 'yan doka. Can wajen mata ya ji an ce, "Riƙe ta, riƙe ta, Inna zauna."

"Ku sake shi," in ji Malam.

Aka sake shi.

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya miƙa hannu, ɗalibansa biyu suka ɗaga shi tsaye.

"Ɗaya ya ce jirgi ɗaya ne, ɗaya ya ce biyu ne. Abin ai ba na rantsuwa ba ne. Jirgi ba allura ba ce da za ta ɓuya a ƙasa. In biyu ne, ido zai gan su."

Ya fara takawa a hankali, yana dogara sanda. Mutane suka buɗa masa. Bai tsaya ko'ina ba sai jikin baƙar motar.

"Alhaji, yau za ka koma Kano?"

"Eh... da yamma, Malam. Amma hanya ba kyau, ga jikinka..."

"Wanda zai je Makka ai ba ya tsoron Kano. Ɗana, buɗe mini."

Direban ya kalli maigidansa. Alhaji bai ce a buɗe ba, bai ce kada a buɗe ba. Wani Bafulatani ya miƙa hannu ya murɗa ƙofar da kansa. Malam ya tattara rigarsa ya shiga ya zauna a baya, ya ɗora sandarsa a cinya.

"Sabo."

"Na'am, Malam."

"Zo ka zauna nan kusa da ni. In mun isa filin, ba na son bayanin kowa. Kai za ka ɗaga yatsanka ka nuna mini, ka ce Malam ga jirgin Shirwa. In na gan shi, ni da kaina zan sa wanka ya durƙusa ya roƙe ka gafara a gaban mutanen nan."

Sabo ya miƙe. Ya yi taku ɗaya. Ya tsaya.

"Zo mana."

"Sabo, Malam na jiranka," in ji Alhaji a hankali. "Ka tuna maganarmu."

Sabo ya kalli kujerar da ke kusa da tsohon. Ya kalli wansa. Ya juya wajen katangar masallaci inda mata suka zaunar da mahaifiyarsu suna mata fifita. Ita kuwa shi take kallo, ba ta ko ƙiftawa.

Ya zube cikin taɓo.

"Babu shi, Malam."

"Ɗaga murya."

"Babu jirgin Shirwa! Ba a taɓa yin sa ba! Yaya ya faɗi gaskiya!"

Ba wanda ya yi ihu. Abin da ya ba Balarabe tsoro ke nan. Mutanen suka fara matsowa shiru, sanduna a hannu, wasu ta gaban motar, wasu ta baya, har ba a ganin taɓon jikinta.

Alhaji Maikano ya duba hagu, ya duba dama. Da wani irin sauri da ba wanda ya zata daga mutum mai sanyinsa, ya faɗa kujerar gaba, ya ja ƙofa, ya miƙa hannu baya ya rufe ta Malam.

"Tayar da mota."

"Alhaji, mutane ne a gaba! Ga Malam a ciki!"

"Na ce ka tayar!"

Injin ya yi gurnani. Balarabe ya ture na gabansa, ya faɗa tsakiyar hanya, ya dafa hancin motar da hannu biyu.

Motar ta fara motsi.